Rumbu na Biyu a Gidan Baba Kefas

Akwai wani mutum a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunansa Habila, sana'arsa ginin rumbun laka. A duk yankin shi kaɗai ya gaji wannan aiki, kuma ya iya shi ƙwarai. In ya gama rumbu ya shafe bayansa da tafin hannu, sai ka ga abin ya tsaya sumul kamar sabon tulu, har mata masu zuwa rafi sukan rage tafiya su duba.

Ginin rumbu ba irin ginin ɗaki ba ne, ba a sa tubali. Ƙasar suri ake samowa, a kwaɓa ta da ciyawar acca, a bar ta kwana uku tana tsima. Sai a jera duwatsu domin a ɗaga gindin daga danshi da gara, a fara ɗora laka da hannu ana zagayawa. Zagaye ɗaya ake yi a rana. Washegari magini ya danna shi da babban yatsa. In yatsa ya nutse, a ƙara masa kwana. In ya yi tauri amma da sauran sanyi a jikinsa, a ɗora na gaba. Habila ya san wannan tun bai fi akurki tsawo ba, domin a gindin ubansa ya koya.

Wata shekara damina ta yi kyau, kowa ya so sabon rumbu. Habila ya karɓi aiki a gida huɗu lokaci guda. Ɗaya daga ciki gidan Baba Kefas ne, wani dattijo mai iyali da yawa, wanda ba shi da yawan magana. Domin ya gama da wuri ya wuce gida na gaba, sai Habila ya riƙa ɗora zagaye uku a rana a gidan dattijon. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya matsa masa. Rana ta busar da bayan bangon ya yi kyau a ido, amma a ciki zagayen ba su kama juna ba. Aka zuba dawa har wuya, aka kifa jinka.

Rumbun ya tsaya duk rani. Da ruwan farko ya sauko da iska, sai ya tsage daidai tumbinsa, wato inda ya fi faɗi, ya zube gaba ɗaya. Aka kwana biyu ana ruwa. Dawar da aka tono daga cikin laka, rabi ta tsira, rabi ta ruɓe. A daminar nan ganye da rogo suka riƙe gidan Baba Kefas, har jikokinsa suka rame kowa yana gani.

Habila ya je ya durƙusa a gaban dattijon. Ya ce, "Baba, laifina ne. Gaggawa na yi."

Baba Kefas ya dube shi, ya ce, "Na ji. Na yafe maka. Tashi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma wannan ne ya hana Habila sakewa. Da dattijon ya zage shi, ko ya kai shi gaban mai gari, da ya san an gama. Amma mutum ya yi asarar abincin shekara, ya yafe da kalmomin da ba su cika baki ba? Zuciyarsa ta raya masa cewa ajiye maganar aka yi, ana jiran ranar da za a fito da ita.

Daga ranar bai ƙara taɓa laka ba. Ya koma noma kaɗai, ya canja hanyar zuwa gona domin kada ya bi ta ƙofar Baba Kefas. In mata suka yi dariya a bakin rijiya, da shi suke. In mutum biyu suka yi shiru da ya iso, maganarsa suke yi. Ko wa'azi aka yi a kan haƙuri ranar Lahadi, sai ya dawo gida ya ce wa matarsa Dinatu wani ne ya kai sunansa wurin mai wa'azi. A shekarun farko mutane sun riƙa zuwa suna roƙonsa ya gina musu, ko ya gyara wanda ya tsage. Shi kuwa sai ya ɗaure fuska, yana cewa a ransa gwada shi suke yi su sami abin faɗa. Da suka gaji suka daina zuwa, sai ya ce, ai ga shi nan, dama ba wanda ya yarda da shi. Mutum irin wannan, ko ka zo ko ka ƙi zuwa, ka yi laifi.

Haka aka yi shekara shida. Rumbun gidansa, wanda ubansa ya gina, yana nan lafiya, saboda haka bai taɓa tambayar kansa inda sauran mutane suke zuba hatsinsu ba.

A kaka ta bakwai, dawa ta fara nuna, sai ga Baba Kefas a ƙofar gidansa da safe, yana dogara sanda. Suka gaisa, aka shimfiɗa tabarma, Dinatu ta kawo ruwa.

Dattijon ya ce, "Habila, rumbu nake so. Dawata ta yi kyau bana, ba ni da inda zan sa ta."

Habila ya dube shi da wutsiyar ido. Ya ce, "Baba, ni?"

"Akwai wani ne?"

"Ai na bar aikin nan da daɗewa."

"Na sani. Nan da mako uku za a yanke dawa. Ka yi shawara." Ya miƙe ya tafi abinsa.

Habila ya bi shi da kallo har ya sha kwana, yana jira ya ga ko zai waiwayo ya yi murmushi. Bai waiwayo ba. Wannan ma Habila ya sa shi cikin lissafi.

Ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Ranar da nake faɗa miki ta zo. Shekara shida yana dafa ta."

Dinatu ta ce, "Maigida, tsoho ya ce rumbu yake so. Ni dai abin da na ji ke nan."

"Ke ba ki san mutane ba. So yake in hau tsani a gaban jama'a, in na kai tsakiya ya tara mini gari."

"To, sai ka ƙi."

"In na ƙi, zai ce ya ba ni dama na gudu."

"To, sai ka je."

Ya yi kwana biyu yana juya maganar. A ƙarshe ya yarda zai je, ba domin ya gaskata dattijon ba, sai domin ya ga iyakar makircin da idonsa. Har amincewar tasa ma daga zato ta fito.

Da ya isa, abin da ya tarar ya ƙara masa ƙarfin zato. Baba Kefas ya share wuri, kuma ba ko'ina ba ne sai daidai inda na farko ya faɗi, a bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa zai gani. Ga laka an riga an kwaɓa ta, an rufe da zana. Habila ya ɗebo ta, ya murza, ya shinshina, ya tsaga curi yana neman yashi ko toka. Bai ga kome ba, laka ce mai kyau. Duk da haka ya ce ba zai yi aiki da ita ba. Ya je da kansa ya sari suri, ya kwaɓa tasa, aka rasa kwana uku a banza.

Aka jera duwatsu, aka fara gini. Kowace safiya Baba Kefas yakan fito da kujera 'yar tsugunne da wani dogon kara a hannu, ya zauna a inuwar ɗorawa yana fuskantar rumbun, ba ya tashi sai rana ta yi tsaka. In Habila ya kama hanyar gida, sai ya hango dattijon ya sake fitowa ya zauna. Masu wucewa sukan tsaya su ce, "Sannu da aiki, magini." Shi kuwa yana amsawa ƙasa-ƙasa, yana ƙirga su a matsayin shaidun da aka gayyato. Kullum kafin ya taɓa laka sai ya zagaya gindin rumbun yana duba sawu, ko wani ya zo a bayansa ya zuba wa bangon ruwa.

Amma hannu bai san da wannan duka ba. Hannunsa ya tuna aikinsa. Zagaye yana bin zagaye, bango yana buɗewa a hankali yadda ya kamata, ba karkata ba kumburi. Wani lokaci yakan shagala har ya ji daɗin aikin, sai ya tuna ana kallonsa, ya sake tsuke fuska.

A rana ta goma sha biyu gini ya kai tumbi. A makon nan ne kuma aka yanke dawar Baba Kefas, aka ɗaure ta dami-dami, aka tsibe a gona ana jiran rumbu.

Washegari Habila ya hau tsani, ya danna zagayen jiya da yatsa. Ya yi tauri, da ɗan sanyi a jikinsa, daidai yadda ake so. Ya miƙa hannu zai ɗauki laka, sai ya tuna a nan ne wancan ya tsage. Ya sake dannawa. Ya ce a ransa, wancan ma ai daga waje haka ya nuna. Wa ya sani ko cikin ɗanye ne? Yatsan nan da ya cuce shi sau ɗaya, me zai hana ya sake? Ya sauko ya ce a ƙara masa kwana.

Kwana ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama uku. Kullum zai zo, ya hau, ya danna, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne a bango kamar mai jin motsin ɓera, ya sauko. Yau ya ce raɓa ta yi yawa, gobe ya ce bai yarda da ciyawar da aka kwaɓa da ita ba.

A rana ta huɗu Baba Kefas ya yi magana daga inda yake zaune. Ya ce, "Habila, ina gani ya bushe."

Habila ya ce a ransa, yauwa, ga tarkon ya fito. So yake in ɗora a kan ɗanye, rumbu ya faɗi karo na biyu, a ce da ma hannuna ne ba albarka. Ya amsa a fili ya ce, "Baba, ni ne magini." Ya tattara kayansa ya tafi gida.

Haka aka cika kwana shida ba a ƙara ko curi ɗaya ba. Rumbu yana tsaye rabi, baki buɗe, dawa tana ƙasa a gona.

A safiya ta bakwai ya iso ya tarar dattijon yana tsaye a gindin tsani, ba a kan kujera ba. Abin da Habila ya daɗe yana haɗiyewa ya taso masa. Ya ce, "Baba, don Allah ka faɗa mini gaskiya in huta. Me ka shirya mini? Ka sa ni gini a bakin hanya, a kan kangon abin kunyata. Ka zauna kana gadina da kara kamar ɓarawo. In ramawa za ka yi, ka rama yau, na gaji da jira."

Baba Kefas ya dubi karan da ke hannunsa, ya dubi Habila. Ya ce, "Wannan na awaki ne. Suna son goga jiki a ɗanyen bango." Ya jingine karan. "Biyo ni."

Ya kai shi wani ɗaki a bayan gida, ya tura ƙofa. Wari ne ya fara tarbarsu. Buhuna ne jere a kan itace, ragowar dawar bara. Dattijon ya kwance bakin ɗaya, ya zura hannu ya ɗebo, ya zuba a tafin Habila. Rabinta ta zama gari, ƙwari suna yawo a ciki, ga kashin ɓera. Habila ya matse ƙwaya ɗaya, ta fashe, ba kome a cikinta.

Baba Kefas ya ce, "Abin da muke ci ke nan. Ba gidana kaɗai ba. Je ka gidan duk wanda rumbunsa ya tsage a shekarun nan, haka za ka gani. Rumbun da ka yi wa gaggawa, dawar shekara ɗaya ya ci mini, kuma na yafe tun ranar da ka durƙusa. Amma wanda ka ƙi ginawa, shekara shida ke nan yana ci, bai ƙoshi ba."

Habila ya tsaya da garin ƙwari a hannu, ya rasa inda zai zubar da shi. Kunya ta kama shi, irin wadda ta fi ta farko nauyi. Duk shekarun nan yana tsammanin gari ya taru a kan laifinsa, ashe mutane ta cikinsu suke yi, suna jiran ya sauko.

Dattijon ya ƙara da cewa, "Jiya na je gona. Gara ta shiga tsibin daga ƙasa. Dami tara sun tafi."

Habila ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, wannan ma laifina ne."

"Naka ne," in ji Baba Kefas. "Na yafe. Je ka hau tsani."

Ya hau. Da ya taɓa bakin ginin, ya tarar ya bushe ƙayau, ya wuce yadda ake so, har sabuwar laka ba za ta kama shi ba. Jiran da ya yi domin gudun kuskure ya kusa ɓata aikin ta wata hanya. A da, da wannan ya isa ya saukar da shi har abada. Amma ya ce a miƙo masa ruwa a ƙwarya. Ya yayyafa a bakin bangon, ya kakkarce shi da tsinke, ya jira ya sha. Baba Kefas, da tsufansa, ya tsaya a ƙasa yana dunƙula curi yana jefa masa. Curi na farko hannun Habila yana rawa ya ɗora shi. Na biyu ma haka. Kafin ya kai rabin zagaye, rawar ta daina.

Bayan kwana tara aka rufe wuya, aka bar shi ya sha rana, aka kwaso dawa aka zuba, aka kifa jinka. Da bazara ruwa ya zo da iska mai ƙarfi, rumbun bai motsa ba. Dami taran nan dai ba su dawo ba, kuma Habila bai taɓa cewa ba shi ya jawo ba. Amma a kaka ta gaba gida biyu ya karɓa, ba huɗu ba, ya gina musu zagaye ɗaya a rana.

To, ga abin da wannan misali yake nufi, kuma ba shi da nisa da ƙofar kowannenmu.

Maginin nan shi ne duk wanda Allah ya ba wata baiwa, ya yi kuskure da ita, ya nemi gafara aka ba shi, amma ya ƙi gaskatawa. Habila ya tuba da gaske, ba a nan ya ɓata ba. Inda ya ɓata shi ne da aka ce masa an yafe, sai ya mai da mai yafewar maƙaryaci a zuciyarsa. Da yawa a cikinmu haka muke yi wa Ubangiji. Mu durƙusa mu roƙa, mu tashi, sa'an nan mu yi shekaru muna leƙen bayanmu, muna jiran ranar da zai fito da tsohon laifi. Ubangiji ba ya dafa magana ya ajiye. In ya yafe, ya yafe.

Zato kuma yana da wayo, domin yakan sa rigar tawali'u. Mutum ya ce, ni ban isa ba, ni na riga na ɓata. Ka ji kamar ƙanƙan da kai ne. Amma duba da kyau, shekara shida Habila bai yi tunanin kowa ba sai kansa. Ya ɗauka kowace dariya tasa ce, kowane shiru nasa ne. Bai ga ɗakin buhunan maƙwabcinsa ba, domin idonsa yana kan tabonsa.

Ku lura kuma da lokacin da ƙarfin zuciya ya dawo masa. Bai zo masa yana zaune a gida ba, bai zo yana tsaye a gindin tsani ba. Sai da ya hau da hannu mai rawa ya ɗora curi biyu tukuna. Wanda ya ce sai ya ji ya yarda da kansa sa'an nan zai koma bakin aiki, zai daɗe yana jira. Ko da ka koma ma, mai yiwuwa ka sake yin wani kuskuren, kamar yadda shi ya yi. Ka ce laifinka ne, ka gyara abin da zai gyaru, ka ci gaba.

Akwai a cikinmu wadda ta daina waƙa a ƙungiyar mawaƙa tun ranar da muryarta ta shaƙe a gaban jama'a. Akwai wanda ya yi tuntuɓe a karatu sau ɗaya, yanzu in ana neman mai karantawa sai ya shiga gyaran takalmi. Akwai wanda ya yi ƙoƙarin sulhunta 'yan'uwa biyu, maganar ta lalace a hannunsa, tun daga nan ko gidansu yana cin wuta ba ya leƙawa. Kowannensu yana tsammanin har yau ana maganarsa. Yawancin mutane sun manta, waɗanda suka tuna kuma sun yafe.

Kafin Lahadi mai zuwa, je ka wurin mutumin nan da ka daɗe kana canja hanya saboda shi. Ka gaishe shi, ka tambaye shi ko aikin nan yana nan. Kada ka yi mamaki in ya ce maka tun ranar da ka tafi ba a sami mai yinsa ba.